Birtaniya: haraji ya hau kuɗin makarantun masu hali, ina makomar yaran da ke karatu da tallafi?

Tun ranar 1 ga Janairun 2025, iyayen da ke da yara a makarantu masu zaman kansu a Birtaniya suna biyan harajin kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin karatu da na kwana. Harajin sayayya ne, wanda masu Ingilishi ke kira VAT, masu Faransanci kuma TVA. A da ba a ɗora shi a kan karatu. Dokar Tarayyar Turai ma ba ta yarda da hakan ba, ficewar Birtaniya daga ƙungiyar ce ta buɗe ƙofa. Gwamnatin jam'iyyar Leba ta Keir Starmer, wadda ta hau mulki a watan Yulin 2024, ta ce kuɗin da za a tara, wajen fam biliyan 1.7 a shekara nan da 2030, makarantun gwamnati za su amfana da su, har da ɗaukar sababbin malamai 6,500.

Makarantar Eton, wadda firaministocin ƙasar 20 suka fito daga cikinta, ta ɗora wa iyaye harajin gaba ɗaya. Kuɗin shekara ya tashi daga kusan fam 53,000 zuwa kimanin fam 63,000, wato sama da sefa miliyan 45 a kan yaro ɗaya. Babu wanda ya yi wa iyayen Eton kuka. Da gardama ta yi zafi a majalisa da jaridu, masu adawa da harajin ba su kawo hoton ɗan attajiri ba. Yaron da suka riƙa ambata shi ne ɗan direban bas ko ɗiyar ma'aikaciyar jinya da ke karatu a irin waɗannan makarantu saboda wani ya biya masa. Suka ce idan aka matsa wa makarantu, tallafin nan ne zai fara tafiya.

Maganar tana da ƙanshin gaskiya. Sai dai kafin a karɓe ta, ya kamata a san yara nawa ake nufi, da kuma aljihun da kuɗin tallafinsu ke fitowa.

Tarihin makarantun kansa abin mamaki ne. Sarki Henry na Shida ya kafa Eton a 1440 domin yara 70 marasa hali su yi karatu kyauta. Winchester, wadda ta girme ta, an kafa ta a 1382 ita ma domin yara 70 irin waɗannan. A hankali masu dukiya suka riƙa kawo 'ya'yansu suna biya, har suka rinjayi waɗanda aka gina makarantun dominsu. Guraben nan 70 na Eton suna nan har yau, amma jarrabawa mai tsanani ce ke ba da su, kuma yaron da ya fi samun horon cin irin wannan jarrabawa galibi ba daga gidan talaka yake fitowa ba. Abin da ya rage daga asalin shi ne matsayin doka. Tun dokar 1601 Ingila ta lissafa koyarwa cikin ayyukan sadaka, shi ya sa kusan rabin makarantu masu zaman kansu na Ingila suke da rajistar ƙungiyoyin agaji, daidai da gidan marayu ko asusun taimakon makafi.

Wannan rajista kuɗi ce. Makarantar da ke da ita ba ta biyan haraji a kan rarar da ta samu ko ribar jarinta. Idan tsohon ɗalibi mai biyan haraji a ƙasar ya ba ta kyautar fam 100, gwamnati na ƙara mata fam 25 daga harajin da ya riga ya biya. Har zuwa watan Afrilun 2025 kuma ana yafe wa irin waɗannan makarantu kashi 80 cikin 100 na harajin gine-gine a Ingila. Gwamnatin Leba ta soke wannan rangwame na gine-gine, wanda Scotland ta riga ta soke tun 2022, amma ba ta taɓa rajistar kanta ba, duk da cewa a baya jam'iyyar ta yi barazanar ƙwace ta. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dokar Ingila ma haka ta nufa: tun gyaran 2006, ba a ɗauka kai tsaye cewa makaranta na amfanar jama'a, sai ta nuna. Amma a 2011 wata kotu ta yanke cewa ko da yake dole amfanin da ake yi wa marasa hali ya wuce na jeka-na-yi-ka, shugabannin kowace makaranta ne za su yanke yawan abin da za su bayar. An bar wa wanzami ya faɗi iyakar askin da zai yi.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Babbar ƙungiyar makarantun, ISC, tana da mambobi kimanin 1,400 da ɗalibai sama da rabin miliyan. Alƙaluman da ta fi son a ji su ne cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku na samun wani sauƙi a kuɗin makaranta, kuma jimillar sauƙin ya haura fam biliyan ɗaya a shekara. Gaskiya ne. Amma an haɗa abubuwa daban-daban cikin buhu ɗaya. Akwai ragin da ake yi wa 'ya'yan malaman makarantar, da na iyalin da suka kawo yara biyu ko uku, da na 'ya'yan sojoji da limaman coci. Akwai kyautar hazaƙa, wadda ake ba yaron da ya yi fice a jarrabawa ko kiɗa ko wasanni ba tare da an tambayi abin da ubansa ke samu ba. Sai kuma tallafi na ainihi, wanda ake bayarwa bayan an binciki albashin iyaye da gidansu da ajiyarsu, wani lokaci har a kai ziyara gida. Wannan na ƙarshe bai kai rabin jimillar ba.

Ko cikin masu tallafi na ainihi, yawancinsu ragi suke samu, su biya sauran. Waɗanda ba sa biyan ko kwabo ba su wuce kimanin ɗalibi ɗaya cikin ɗari ba. Masana biyu, Francis Green da David Kynaston, sun tsaya a kan wannan adadi a littafin da suka fitar a 2019 game da makarantun, kuma shi ne adadin da ya fi dacewa a riƙe. Dalili kuwa a fili yake. Matsakaicin kuɗin makarantar jeka-ka-dawo kafin harajin ya kai fam 18,000 a shekara. Ko an yafe wa iyali rabi, sai sun nemo fam 9,000, abin da mai wanke-wanke a asibiti ko mai gadi ba zai iya ba. Ragin rabi yana taimakon malamin jami'a ko ƙaramin ɗan kasuwa da ya ɗan gaza. Taimako ne, amma wanda yake kaiwa ba shi ne yaron da aka riƙa nuna hotonsa ba.

An taɓa ganin irin haka. Gwamnatin Margaret Thatcher ta ƙirƙiro wani shiri a 1980 inda gwamnati ke biya wa yara masu ƙoƙari daga gidaje marasa ƙarfi kuɗin makarantu masu zaman kansu. Masu bincike da suka bi sawun shirin sun tarar cewa 'ya'yan leburori kaɗan ne a ciki. Da yawa daga masu cin moriyar sun fito daga gidajen da ke da ilimi amma kuɗi ya yi ƙaranci, misali bayan rabuwar aure, domin su ne suka san da shirin, suka iya cike takardu, suka shirya yaro don jarrabawa. Tony Blair ya soke shirin a 1997.

Soke shi ne ya haifar da asusun tallafi irin na zamani. Makarantun da suka saba karɓar 'ya'yan talakawa da kuɗin gwamnati suka wayi gari ba su da mai biya, sai suka koma ga tsofaffin ɗalibansu. Manchester Grammar School, wadda aka kafa a 1515, ta buɗe neman gudummawa jim kaɗan bayan haka, kuma waɗanda suka fi buɗe hannu su ne mutanen da su kansu suka yi karatu a can kyauta a zamanin da gwamnati ke biya. Latymer Upper da ke yammacin Landan ta yi shekaru tana tara kuɗi da burin ɗalibi ɗaya cikin huɗu ya zama mai tallafi a 2024, shekarar da asusun da ya kafa ta ya cika 400. Yau kowace babbar makaranta tana da ofishi na musamman da aikinsa kawai neman masu bayarwa: liyafar cin abinci, kiran waya ga tsofaffin ɗalibai, da lallashin dattawa su sa makaranta cikin wasiyyarsu.

Aljihu biyu

A nan ne harajin ya raba makarantu gida biyu, kuma rabon bai bi layin da 'yan siyasa suka zana ba.

Aljihu na farko shi ne dukiyar da aka ajiye tun da daɗewa, filaye da gidaje da hannun jari, wadda ba a taɓa uwarta sai dai a ci ribarta. Mai karatu ya san wannan tsari da sunan waƙafi. Misali mafi kyau shi ne Christ's Hospital, wadda aka kafa a 1552 a zamanin Sarki Edward na Shida domin marayu da yaran titunan Landan, ta koma Horsham a kudancin Ingila a 1902. Ba asibiti ba ce, tsohuwar ma'anar kalmar ita ce masaukin mabuƙata. Ɗalibanta wajen 900 har yau suna sa doguwar riga shuɗiya da safa ruwan ɗorawa irin na ƙarni na 16, kuma makaranta ce ke ba da kayan kyauta, saboda haka ba a gane ɗan mai kuɗi daga tufafinsa. Mafi yawan yaran da ke can da tallafi suke karatu. Tana da wata tsohuwar al'ada ma: wanda ya ba da gudummawa mai tsoka yana samun damar gabatar da yaro mabuƙaci, ya riƙa bin labarinsa har ya gama. Abin da ya sa ta iya wannan duka shi ne dukiyar da masu bayarwa suka tara mata cikin shekaru sama da 470. Haraji a kan kuɗin makaranta yana taɓa ta, amma bai isa tushen ba, domin tallafinta bai dogara ga abin da iyaye suka biya a bana ba.

Aljihu na biyu shi ne rarar kuɗin makaranta. Mafi yawan makarantu ba su da waƙafi na a-zo-a-gani. Abin da suke yi shi ne su ware wani kaso daga abin da iyaye masu hali suka biya, su rage wa wasu da shi. Muddin azuzuwa cike suke, tsarin na tafiya. Da zarar yara 20 masu biya cikakke suka fita, ko makaranta ta rage farashinta domin haraji kada ya kori iyaye, rarar ta ƙafe. Ga shi harajin bai zo shi kaɗai ba. Kason da makarantu ke zubawa a asusun fanshon malamai ya haura kashi 28 cikin 100 na albashi tun Afrilun 2024, sannan a Afrilun 2025 harajin inshorar ma'aikata da mai ɗaukar aiki ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15, a watan da rangwamen gine-gine ya tafi. Shugaban makarantar da ke neman inda zai yanke ba zai kori yaron da ke tsakiyar karatu ba, abin kunya ne kuma jaridu za su ɗauka. Abin da zai yi shi ne ya rage guraben tallafi na masu shigowa baɗi. Wannan asara ba ta da fuska, domin yaron da ba a ɗauka ba bai ma san an taɓa tanadar masa kujera ba.

Cikin masu tallafin ma nauyin bai faɗi daidai ba. Harajin yana hawa ne a kan abin da aka biya a zahiri. Yaron da makaranta ta yafe wa komai babu abin da za a ɗora masa. Iyalin da ke biyan fam 9,000 kuwa, idan makaranta ta tura musu harajin gaba ɗaya, sai sun ƙaro fam 1,800, alhali an riga an auna ƙarfinsu an ce 9,000 ce iyakarsa. Ko dai makaranta ta ƙara musu ragi daga asusun da ke raguwa, ko su cire yaron.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa shiga tsarin harajin ya zo wa manyan makarantu da riba ta gefe. Wanda ke karɓar wa gwamnati harajin sayayya yana da damar neman a mayar masa da wanda ya biya a kan kayan aiki, har da wani kaso na manyan gine-ginen da ya yi cikin shekaru goma da suka wuce. Makarantar da ta gina katafaren ɗakin wasanni ko wurin ninƙaya za ta karɓi kuɗi masu yawa. Ƙaramar makarantar Musulmi a Bradford ko ta Yahudawa a arewacin Landan, wadda ke karɓar 'yan dubban fam a shekara kuma take aiki a tsohon gini, ba ta da abin da za ta nema a mayar mata. Ba ta da tsofaffin ɗalibai masu bankuna. Iyayen yaranta ma ba masu hali ba ne tun farko. Iyalai daga ƙananan makarantun addini da iyayen yara masu buƙata ta musamman suna cikin waɗanda suka kai gwamnati ƙara, amma a watan Yunin 2025 babbar kotu ta yi watsi da ƙarar.

Gwamnati ba ta rasa hujja ba. Yara shida ko bakwai ne kacal cikin ɗari ke zuwa makarantu masu zaman kansu a Birtaniya, amma binciken da gidauniyar Sutton Trust ta fitar a 2019 ya nuna kashi 65 cikin 100 na manyan alƙalan ƙasar daga can suka fito. Idan ƙofar manyan muƙamai ta ratsa ta cikin makarantun da ake shiga da kuɗi, buɗe taga ga yaro ɗaya cikin ɗari ba ya gyara lissafin sauran yara miliyoyi da ke makarantun gwamnati. Akwai ma masu cewa tallafin yana kwashe yara mafi ƙoƙari daga makarantun unguwa, ya bar sauran ba madubi. Amma ita ma gwamnati ta yi wa kanta sauƙin lissafi. Ta yi hasashen kuɗin makaranta zai tashi da kimanin kashi 10 cikin 100 saboda makarantu za su haɗiye wani ɓangare. Ƙidayar ISC ta Janairun 2025 ta nuna tashin ya haura kashi 20 idan aka kwatanta da shekarar da ta gabata, kuma ɗalibai sun ragu da kimanin 11,000. Raguwar haihuwa a ƙasar na da hannu a wannan, saboda haka ba za a ɗora wa haraji duka ba. Hasashen gwamnati shi ne yara 37,000 za su bar ɓangaren a tsawon lokaci.

Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne cewa kowane ɓangare ya yi amfani da yaron mai tallafi, babu wanda ya tsara doka dominsa. Makarantu sun sa shi gaba a matsayin garkuwa, alhali shekaru da dama da kuɗin makaranta ke tashi fiye da albashi, da yawansu gasar gine-gine suka fi ba ƙarfi. Gwamnati kuma ta ɗora haraji iri ɗaya a kan Eton da ƙaramar makarantar bayan masallaci, ba ta ware wa makarantar da ke ba da guraben kyauta masu yawa wani sauƙi da zai ƙarfafa ta ba. Eton da kanta tana da yara kimanin 100 da ba sa biyan komai cikin sama da 1,300, kuma dukiyarta ta isa ta riƙe su ko da haraji ko babu.

Batun ya taɓo Afirka ta Yamma ta hanya biyu. Iyalai masu hali daga Najeriya da Ghana sun daɗe suna tura yara makarantun kwana na Ingila, kuma harajin bai ware baƙo ba, su ma suna biya, a lokacin da darajar naira ta faɗi ƙwarai tun 2023. Galibinsu cikakken kuɗi suke biya, wanda ke nufin suna cikin masu cika aljihu na biyu. Hanya ta biyu ita ce rassa. Makarantun Ingila sun daɗe suna ba da aron sunansu a Asiya da ƙasashen Larabawa, kamar yadda Harrow ta buɗe a Bangkok tun 1998, kuma da yawansu na cewa kuɗin da ke dawowa gida yana shiga asusun tallafi. Yanzu sun iso Legas: Charterhouse ta buɗe a watan Satumban 2024, Rugby kuma ta biyo baya a 2025. Idan tsarin da aka saba ne za a bi, wani kaso na abin da iyaye ke biya a irin waɗannan rassa zai iya ƙarewa a matsayin kujerar kyauta ga yaro a Ingila. Masu kai 'ya'yansu can suna da haƙƙin tambayar guraben kyauta nawa aka ware wa yaran garin da reshen yake.

Kowace makaranta mai rajistar agaji a Ingila tana miƙa rahoton kuɗinta ga hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji duk shekara, kuma kowa na iya duba shi a intanet. Da yake ba a cika janye tallafin yaron da ya riga ya shiga ba, tasirin harajin zai bayyana ne a hankali, aji bayan aji, yayin da waɗanda aka ɗauka kafin 2025 ke gamawa. Yaron da ya shiga sakandare yana da shekara 11 a Satumban 2024 ba zai fita ba sai 2031.